Yadda Ake Karatun Ilimin Halayyar Ɗan Adam a Matakin A Level

Ilimin halayyar ɗan Adam, wanda wasu ke kira saikoloji, ba ya cikin darussan da WAEC ko NECO ke shirya wa jarrabawar kammala sakandare, shi ya sa galibin ɗalibanmu ba sa haɗuwa da shi sai sun shiga jami'a ko kwalejin ilimi. A Ingila kuwa darasi ne da matasa 'yan shekara 16 zuwa 18 ke ɗauka na tsawon shekara biyu a matakin A Level, haka ma ana koyar da shi a manyan azuzuwan sakandare a Amurka da Indiya da wasu jihohin Ostireliya. Hanyar da ya fi isowa gare mu ita ce manhajar hukumar jarrabawa ta Cambridge mai lamba 9990, wadda ake zana jarrabawarta a zangon Yuni da na Nuwamba, kuma ita ce zan bi a wannan bayani domin ita na koyar. Abin da nake so ɗalibi ya riƙe tun daga farko shi ne cewa ba za a koya masa karanta zuciyar mutane ba. Za a koya masa ne yadda zai tsaya gaban kowace magana da aka faɗa a kan ɗabi'ar ɗan Adam ya tambaya: ta wace hanya aka gano hakan, a kan su wa aka gwada, kuma har ina za a iya dogara da sakamakon?

Mataki na farko shi ne ka sauke manhajar daga shafin Cambridge na intanet, ka tabbata ta shekarar da za ka zana jarrabawa ce, sannan ka buga ta a takarda ka ajiye ta a gaban littafinka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A manhajar da ta fara aiki a 2024 an cire biyar daga cikin bincike 12 na dole aka sa wasu a madadinsu, kuma na taɓa samun ɗaliba mai ƙwazo da ta sayi tsohon littafi na hannu, ta shafe kusan wata biyu tana haddace binciken da aka riga aka cire, ba ta ankara ba sai da muka zauna bita. Har yau ina jin zafin ɓarnar wannan lokacin, domin duba na minti goma da ya hana ta. A cikin manhajar za ka ga cewa takardun jarrabawa huɗu ne, biyu a shekarar farko wadda ake kira AS, biyu a shekara ta biyu, kowace tana ɗaukar awa ɗaya da rabi kuma tana da maki 60. Ta farko a kan bincike 12 ɗin nan take, ta biyu a kan hanyoyin gudanar da bincike, ta uku da ta huɗu kuma a kan fannoni biyu da za ka zaɓa.

Mataki na biyu, wanda ɗalibai da yawa ke tsallakewa saboda sun ɗauka shi ne mara daɗi, shi ne ka fara da hanyoyin bincike kafin ka taɓa ko da bincike guda. Tun 1879 da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji a birnin Leipzig na Jamus, abin da ya raba wannan fanni da hirar majalisa shi ne aunawa da gwadawa, don haka wanda bai san kayan awon ba ba zai iya tantance abin da aka auna ba. Ka ware makonni uku ko huɗu na farko ka fahimci bambancin gwajin da ake yi a ɗakin bincike da wanda ake yi a fili cikin jama'a, da lura da mutane ba tare da tsoma baki ba, da tambayoyi a rubuce ko baki da baki, da nazarin mutum guda mai zurfi, da kuma binciken alaƙa tsakanin abubuwa biyu. A kowane gwaji ka saba da nemo abubuwa uku: abin da mai bincike ya sauya da gangan, abin da ya auna domin ganin tasirin sauyin, da abubuwan da ya daidaita don kada su gurɓata sakamakon.

Akwai kuskure guda da ya kamata ka rabu da shi tun a nan, wato ɗaukar cewa idan abubuwa biyu suna tafiya tare to ɗaya ne ya haddasa ɗayan. A lokacin bazara cinikin ƙanƙara da zoɓo mai sanyi yana ƙaruwa, kuma a wannan lokaci ne cutar sanƙarau ta fi yaɗuwa a ƙasarmu, amma babu mai hankalin da zai ce zoɓo ne ke kawo sanƙarau, yanayin ne ya haɗa su. Duk inda ka ga binciken alaƙa, ka nemi irin wannan abu na uku da ke ɓoye a baya. Lissafin da ake buƙata kuwa bai kai ya tsorata kowa ba: matsakaici, da lambar da ta faɗo tsakiya, da wadda ta fi maimaituwa, da yadda lambobi suka warwatsu, sai sanin zanen da ya dace da kowane irin bayani.

Tun da jarrabawar da Turanci ake yin ta, ka buɗe ƙaramin littafi na kalmomin fanni. A hagu ka rubuta kalmar yadda take a manhaja, a tsakiya ka bayyana ta da Hausarka yadda za ka gaya wa ƙanenka, a dama kuma ka sa misali guda daga wani bincike. Idan ka kasa cike tsakiyar, to ba ka fahimci kalmar ba tukuna, ko da kuwa ka haddace ma'anarta ta Turanci.

Mataki na uku shi ne tunkarar bincike 12 ɗin, waɗanda aka raba gida huɗu, uku a kowane gida: masu duba ɗabi'a ta fuskar ƙwaƙwalwa da jiki, masu duba tunani da tuna abu, masu duba yadda ake koyo, da masu duba tasirin jama'a a kan mutum. Shawarata ita ce bincike ɗaya a mako, kuma kowane ya samu kati guda, gaba da baya, mai tsari iri ɗaya: manufa, su wa aka gwada kuma ta yaya aka samo su, abin da aka yi daki-daki, sakamako da alƙalumansa, abin da masu binciken suka kammala a kai, sannan ƙarfi da rauni. Bari in cika kati ɗaya a gabanka da binciken Stanley Milgram na 1963 a kan biyayya, wanda aka yi a Jami'ar Yale ta Amurka.

A ƙarƙashin manufa za ka rubuta cewa yana so ya ga iyakar da mutum zai kai wajen bin umarnin mai iko idan umarnin ya ƙunshi cutar da wani. A ƙarƙashin mahalarta: maza 40 masu shekara 20 zuwa 50 daga New Haven, garin da jami'ar take, da kewaye, waɗanda suka amsa tallar jarida ko wasiƙa, aka biya kowanne dala huɗu da rabi. A ƙarƙashin abin da aka yi: an gaya musu binciken a kan koyo ne, an shirya ƙuri'ar ƙarya yadda kullum su ne za su fito a matsayin malami, an zaunar da su gaban na'urar jan lantarki mai makunni 30 daga ƙarfin bolt 15 zuwa 450, an ɗanɗana musu girgizar bolt 45 ta gaske don su yarda na'urar tana aiki, sannan aka umarce su su ƙara ƙarfin lantarki duk lokacin da ɗalibin, wanda a zahiri abokin aikin mai binciken ne kuma babu abin da ke taɓa shi, ya ba da amsar kuskure. Idan sun yi jinkiri, mai binciken yana da jimloli huɗu da yake faɗa a jere don ya sa su ci gaba. A ƙarƙashin sakamako: dukkansu sun kai bolt 300, kuma 26 cikin 40, wato kashi 65 cikin 100, sun kai ƙarshe, duk da cewa da yawansu suna gumi, suna rawar jiki, suna cizon leɓe. Ka lura da yadda alƙaluman suke da muhimmanci. Wanda ya rubuta cewa yawancinsu sun yi biyayya ya faɗi gaskiya, amma wanda ya rubuta 26 cikin 40 ya nuna wa mai duba takarda cewa ya karanta binciken kansa.

Bayan katin shi ne inda aikin gaske yake. Daidaita komai da aka yi, tun daga kalmomin mai bincike har zuwa martanin ɗalibin, ƙarfi ne, domin wani zai iya maimaita gwajin ya ga ko zai samu irin sakamakon. Amma mahalartan duk maza ne daga yanki guda, kuma masu kawo kansu ne, don haka ba za a yi gaggawar cewa haka duk 'yan Adam suke ba. An yaudare su a kan manufar binciken, an jefa su cikin matsananciyar damuwa, kuma jimlolin matsin nan sun sa janyewa ta yi musu wuya. Kowace daga waɗannan hujjoji sai ka ɗaure ta da wani abu takamaimai daga cikin binciken, in ba haka ba za ta zama maganar da za a iya liƙa wa kowane bincike a duniya, kuma irin wannan ba ta samun cikakken maki.

Sauran binciken haka za ka bi su, sai dai kowane yana da wurin da yake buƙatar ido. A na Albert Bandura da abokan aikinsa na 1961, inda yara 72 na makarantar renon Jami'ar Stanford suka shiga gwajin da wasunsu suka kalli babba yana dukan 'yartsana mai iska, ɗalibai kan rikita rabe-raben rukunin, don haka ka zana su a jadawali. A na Dement da Kleitman na 1957 a kan barci, ka riƙe cewa an tuna mafarki sau 152 cikin 191 da aka tashi mutane a lokacin da idanunsu ke motsi da sauri, amma sau 11 kacal cikin 160 a sauran lokutan barci, kuma mutum tara ne kawai aka gwada. A na Piliavin da abokansa na 1969 a jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin Niyok, abokin aikinsu da ya yi kamar ya faɗi riƙe da sanda ya samu taimako nan take sau 62 cikin 65, wanda ya yi kama da mashayi kuma sau 19 cikin 38, sai dai ba a nemi izinin fasinja ko ɗaya ba. Akwai kuma na giwaye biyar a Nepal da aka koya wa wanke hanci domin gwajin tarin fuka ta hanyar ba su ladar ayaba, wanda zai sa ka koyi ƙa'idojin bincike da dabbobi.

A nan ne ɗalibin da ya tashi a ƙasar Hausa yake da wata dama da nake so ya yi amfani da ita. Mafi yawan waɗannan bincike an yi su ne a Amurka da Turai, kuma tambayar ko sakamakon zai tabbata a wata al'umma hujja ce karɓaɓɓiya a jarrabawa. Yaron da aka rena da kunya da kara, wanda ba ya haɗa ido da babba kuma yake durƙusawa ya gaida mahaifinsa, yana da dalilin tambayar ko ma'anar biyayya a gidansu ɗaya ce da ta New Haven. Wanda ya ga yadda jama'a ke taruwa a kan wanda ya faɗi a tashar mota zai iya tambayar ko binciken jirgin Niyok ya bayyana abin da ya gani. Sharaɗin kawai shi ne ka gabatar da wannan a matsayin iyakar binciken, kada ka mayar da zatonka sakamako, domin kai ma ba ka auna ba.

Mataki na huɗu shi ne ka gwada tsara bincike da hannunka, tun da takarda ta biyu tana da tambaya mai nauyi da ke neman ka shirya naka. Mafi sauƙin kwaikwayo shi ne na Jackie Andrade na 2010, inda mutum 40 suka saurari saƙon waya mai gundura na minti biyu da rabi, rabinsu suna cike zane-zane da fensir yayin sauraro, kuma masu zanen suka tuna kashi 29 cikin 100 fiye da sauran. Ka naɗi saƙo a wayarka da murya ɗaya ba hawa ba sauka, kana lissafa waɗanda za su zo walimar suna da waɗanda ba za su samu zuwa ba, tare da sunayen wasu garuruwa. Ka nemi 'yan ajinku goma da suka yarda da kansu, ka gaya musu suna da damar tashi duk lokacin da suka so, ka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, ka ba rukuni ɗaya takarda mai da'irori su cike, sannan ka tambayi kowa abin da ya tuna. Za ka ga matsalolin da littafi ba zai nuna maka ba: wani ya zauna kusa da taga inda ƙarar janareta ke shigowa, wata ta san rabin sunayen domin na danginta ne, wani kuma ya gane abin da kake nema ya ƙara ƙoƙari don ya faranta maka. Ka rubuta kowace matsala da yadda za ka magance ta. Da an gama ka bayyana musu manufar gwajin, kada kuma ka faɗa wa kowa makin wani. Kada ka kuskura ka kwaikwayi duk wani gwaji da ya ƙunshi tsoratarwa ko kunyatarwa, ko wanda ya shafi ƙananan yara ba da izinin iyayensu da sanin malaminka ba.

Mataki na biyar shi ne bita, kuma fannin da kansa ya nuna yadda ya kamata a yi ta. Hermann Ebbinghaus ya nuna tun 1885 cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan koyo, daga baya sai ta lafa, kuma binciken Roediger da Karpicke na 2006 ya nuna cewa ɗaliban da suka gwada tuno abin da suka karanta sun fi riƙe shi bayan mako guda a kan waɗanda suka yi ta maimaita karantawa. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan a aikace, domin ba a wanke allo sai an bayar da hadda, kuma ba a barin tilawa don an wuce wuri. Saboda haka ka kife katin, ka ɗauki farar takarda, ka rubuta duk abin da ka tuna, sannan ka buɗe ka gyara da jan biro. Ka maimaita washegari, da bayan kwana uku, da bayan mako, da bayan wata. Shafa wa littafi launi yana sa mutum ya ji kamar ya yi aiki, amma ba ya nuna masa inda ya manta.

Mataki na shida shi ne tsoffin takardun jarrabawa, tare da tsarin bayar da maki da rahoton masu dubawa, waɗanda Cambridge ke fitarwa bayan kowane zango. Kada ka jira sai ka gama manhaja, da ka kammala bincike guda ka nemi tambayoyin da aka taɓa yi a kansa. Ka kula da kalmar umarni da ke farkon kowace tambaya, domin wadda ta ce ka bayyana abin da ya faru daban take da wadda ta ce ka tantance, kuma ɗalibai da yawa suna zuba labarin bincike shafi guda a inda aka nemi hukunci. A takarda ta farko akwai tambaya mai maki 10 da ke neman ƙarfi biyu da rauni biyu na wani bincike, tare da sharaɗin cewa ɗaya ya kasance a kan wani batu da aka ambata. Ka gina kowace hujja hawa uku: ka faɗi batun, ka kawo shaida daga binciken, ka bayyana abin da hakan ke nufi ga ingancin sakamakon. Maki 60 cikin minti 90 yana nufin minti ɗaya da rabi ga kowane maki, don haka tambaya mai maki 10 tana da minti 15, mai maki biyu kuma ba ta cancanci fiye da minti uku ba. Ka saba da agogo tun a gida.

A shekara ta biyu za ka zaɓi biyu daga fannoni huɗu: lafiyar ƙwaƙwalwa, halayyar masu sayayya, halayyar da ta shafi lafiyar jiki, da halayyar ma'aikata a wurin aiki. Sau da yawa makaranta ce ke yanke zaɓin gwargwadon malaman da take da su, amma idan an ba ka dama, ka duba abin da kake son karantawa a jami'a. Mai niyyar aikin asibiti zai fi amfana da na farko da na uku, mai sha'awar kasuwanci ko gudanarwa kuma da na biyu da na huɗu. Ga wanda ya ɗauki lafiyar ƙwaƙwalwa ina da jan kunne na musamman. Idan ka karanta alamomin ciwon damuwa ko na tsananin fargaba, za ka fara ganinsu a kanka da a 'yan gidanku, kuma wannan yana faruwa da ɗalibai da yawa. Karatun shekara guda ba ya ba kowa ikon yanke wa wani hukuncin ciwo, don haka idan abin da ka gani ya dame ka da gaske, ka yi magana da iyayenka ko malaminka a nemi likita.

Batun rajista kuma kada ka bar shi ya zo maka a ƙurarren lokaci. Idan makarantarku tana da rajista da Cambridge, ita za ta shigar da sunanka, idan kuma kai kaɗai kake karatu, ka tuntuɓi British Council, cibiyar ilimi da al'adu ta Birtaniya, watanni da dama kafin zangon da kake so, ka tabbatar suna karɓar wannan darasi da kuma cibiyar da za ka zauna. Wanda ke son amfani da sakamakon domin shiga aji biyu na jami'a a Najeriya ta hanyar JAMB, ya duba haɗin darussan da sashen da yake nema ke karɓa tun kafin ya biya kuɗi, domin kowace jami'a tana da nata sharuɗɗan.